Fodkas: Lambar shasi da kundin kamfani a cinikin tsofaffin motocin tsere

Bashir: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Baba Isa, tsohon bakanike, da Zainab. A 2018 an yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO a Monterey ta Amurka, aka sallama ta a kan dala miliyan 48.4. Baba, motar 1962 fa!

Baba Isa: Lambarta aka saya, ɗana. Guda 36 kacal aka ƙera daga 1962 zuwa 1964, kowace da lambar shasinta, waccan kuwa 3413GT ce. Gwanin walda zai buga maka bodi irin nata sak, amma ba shi da lambar da zai ba ka.

Zainab: Ai lambar ma ana bugawa, Baba. Guduma ce da ƙarfen hatimi.

Baba Isa: Gaskiyarki, 'yata, shi ya sa ake komawa kundin kamfani. Porsche na da kati ga kowace motarta ta wancan zamani, Kardex, inda aka rubuta lambar inji, lambar giya, launin fenti da dillalin da aka tura wa. Ferrari kuma ta buɗe sashen tantance tsofaffin motoci, Classiche, a Maranello ta Italiya a 2006. Za su ɗaga motar su bi ta gaɓa-gaɓa, su gwada da takardar ranar da aka haɗa ta, har siffar haruffan da aka buga a ƙarfe sai sun duba. In ta ci, a ba ka jan littafi, shaidar cewa ta asali ce.

Bashir: Kenan ba irin lambar nan mai harafi 17 ba ce, wadda muke gwadawa da takardar kwastam?

Baba Isa: Waccan sai 1981 ta zama doka a Amurka. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa.

Zainab: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shari'ar Bentley ce a Landan, a 1990. Motar da ake kira Old Number One ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930. Daga baya aka yi ta sake mata kaya, ta yi mummunan haɗari a filin tseren Brooklands na Ingila a 1932, aka sake gina ta. An yi cinikinta fam miliyan 10, mai saye ya ce ya fasa, wai ƙarfen asali kaɗan ya rage. Alƙali ya ce ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba.

Baba Isa: Hukuncin ya yi daidai. Motar tsere ba ta shekara ba a canza mata wani abu ba. In aka ce sai ƙarfen farko, babu wadda za ta tsira.

Bashir: To Jaguar fa? Sun ware lamba 18 ga E-type mara nauyi a 1963, suka ƙera 12. A 2014 suka ce za su ƙera shidan da suka rage da tsofaffin lambobin.

Zainab: Kamfanin ne ya ƙera, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Ban ga jabu a nan ba.

Baba Isa: Ban ce jabu ba ce. Amma shidan nan ba su taɓa karawa da Ferrari a filin tseren wancan zamani ba. Duk mai sayar da ɗaya, ya rubuta ainihin shekarar ƙirarta kusa da lambar, da manyan haruffa.