Ɗumame ko kanzo? Hira a kan Amnesiac, kundin da Radiohead ta fitar daga ragowar aikin Kid A

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce, ga Yaya Bashir a gefena, ga kuma Nura da ya taso kai tsaye daga sutudiyo. Yau Ingila za mu, wajen ƙungiyar kiɗan rok ɗin nan ta Radiohead. Batun kuwa Yaya Bashir ne ya tayar da shi a mota makon jiya, har muka iso ba mu gama gardama ba.

Bashir: Wa alaikumus salam. Ai har yanzu ina kan bakana, Zainab. Kundin Amnesiac ragowa ne. Kyakkyawar ragowa, amma ragowa.

Nura: To Yaya, kafin mu shiga gardamar, a ba mutane labarin tukuna, don ba kowa ya san su ba.

Zainab: Gaskiya ne. Su biyar ne: Thom Yorke mai rera waƙa, Jonny Greenwood da wansa Colin, sai Ed O'Brien da Philip Selway mai ganga. A makaranta suka haɗu a garin Abingdon kusa da Oxford, tun 1985, kuma har yau su biyar ɗin ne. A 1997 suka fitar da OK Computer, duniya ta ɗauka, suka yi ta yawon wasa har Yorke ya gaji liƙis. Da ya dawo gida waƙa ta ƙi rubutuwa, ƙarar jita ma ta fita daga ransa.

Nura: Wannan wurin ne ya fi taɓa ni. Mutum yana kan ganiyarsa, kowa na jiran ya maimaita abin da ya yi, shi kuwa ya koma sauraron kiɗan na'ura irin na su Aphex Twin da Autechre. Da suka shiga sutudiyo a farkon 1999 tare da furodusansu Nigel Godrich, ba su da ranar gamawa. Suka fara a Faris, suka koma Kofenhagen a Denmak, suka tare a wani tsohon gida a Gloucestershire, daga baya suka ƙarasa a nasu sutudiyon a yankin Oxford. Sai a 2000 aikin ya kammala.

Zainab: Kuma Ed O'Brien yana rubuta abin da ke faruwa a intanet lokacin, ko?

Nura: Ƙwarai. Shi ya sa muka san irin wahalar da suka sha. Waƙa ɗaya, "Knives Out", ta ci musu fiye da shekara. Ka yi tunanin masu jita uku a ƙungiya, a ce musu yau babu jita. Dole kowa ya koyi sabuwar sana'a. Jonny ya rungumi wata tsohuwar na'urar Faransa mai suna ondes Martenot, wadda sautinta ke kama da kukan mutum daga nesa.

Bashir: To, ga inda maganata ta fito. Sun gama da waƙoƙi fiye da ashirin. Suka zauna suka tsince goma, suka ce wannan shi ne Kid A, ya fito a Oktoban 2000. Ba su fitar da waƙa ko ɗaya daga cikinsa ita kaɗai a kasuwa ba, duk da haka ya hau na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Bayan wata takwas, a Yunin 2001, sai ga Amnesiac da waƙoƙi goma sha ɗaya. Zainab, in mace ta tsince tumatir goma masu kyau ta yi miyar baƙi, abin da ya rage a kwando me sunansa?

Zainab: Yaya, misalin nan bai zauna ba. Ba masu kyau suka tsince ba, waɗanda suka dace da juna suka tsince. Sun yi shawarar fitar da duka a faifai biyu lokaci guda, suka ga zai yi wa mai sauraro nauyi. Kid A tafiya ce guda daga farko har ƙarshe, sanyi ƙalau, kamar ba mutane ne suka yi ba. Duk waƙar da za ta karya wannan tafiyar sai aka ajiye ta, komai kyanta.

Nura: Ni ma abin da na gani ke nan a aiki. Mawaƙi zai zo ya yi waƙa goma sha biyar, wadda ta fi duka daɗi wani lokacin ita ake cirewa, saboda in ka sa ta sai ta danne sauran ko ta sauya wa kundin fuska. Kwamfutata cike take da irinsu, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna babu mai jin su.

Zainab: Ni kuwa na ce Amnesiac ɗumame ne. Tukunya ɗaya, miya ɗaya, amma da ya kwana aka ɗumama da safe sai ya zo da ɗanɗanon da na daren bai da shi. A gidanmu akwai waɗanda ɗumame ya fi musu tuwon dare.

Bashir: Wani wurin ɗumame, wani wurin kanzo.

Zainab: To faɗa mana kanzon.

Bashir: "Hunting Bears". Minti biyu na jita, ba murya, ba inda ta dosa. Da na ji ta na san guntuwa ce da aka rasa inda za a sa. Sai "Morning Bell", wadda tana cikin Kid A, suka sake kawo ta a wata siga. Mutum ya sayi faifai da kuɗinsa a 2001, ya tarar da waƙar da ya riga ya saya bara. Wannan ya dame ni a lokacin, kuma har yau yana damuna.

Nura: A "Hunting Bears" ba zan yi maka musu sosai ba, Yaya, ko da yake ni ina jin ta kamar shaƙar numfashi kafin waƙoƙi biyu na ƙarshe. Amma "Morning Bell" ba na tare da kai. Ta Kid A tana tafiya ne a kan bugu biyar, gangar Selway tana tura ta gaba kamar mai gudu. Ta Amnesiac an mayar da ita bugu huɗu, an rage mata sauri, ta koma kamar waƙar lallashin yaro da wani abin tsoro a ƙarƙashinta. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma mutumin da ke faɗinsu ya canza. Ni wannan darasi ne a sana'ata.

Zainab: Ku bar ni in yi maganar "Pyramid Song", don ita ce hujjata babba. Yaya Bashir, tsakaninka da Allah, akwai waƙa a Kid A da ta fi ta?

Bashir: Babu. Wannan na yarda.

Zainab: To ka gani. Fiyano ne kawai da murya a farko, kuma fiyanon yana tafiya kamar mai ɗingishi, ka rasa inda za ka sa ƙafa. Mutane sun shekara suna gardamar bugunta nawa ne. Sai wajen minti biyu ganga ta shigo, nan take komai ya zauna daram, ka gane ashe tun farko a daidai take, kunnenka ne bai kama ba. Yorke ya samo tunaninta ne bayan ya je kallon kayan tarihin Masar a Kofenhagen. Magana ce ta mutuwa, ta kogi da kwalekwale da waɗanda suka riga mu, amma babu firgici a cikinta. Ranar da na fara jin ta ban iya sa wata waƙa a bayanta ba.

Nura: Kuma ga wani abu da ke rushe batun ragowa. Masu gogen da ke cikinta, ƙungiyar Orchestra of St John's ce, an ɗauke su a tsohuwar majami'ar Dorchester Abbey. A wannan zaman ne aka ɗauki gogen "How to Disappear Completely" ta Kid A da na "Dollars and Cents" ta Amnesiac. Masu kiɗa ɗaya, ɗaki ɗaya, Jonny ne ya rubuta musu duka. Ta yaya rabin zaman zai zama na baƙi, rabi ya zama na bayan gida?

Bashir: Ban ce ba a yi musu aiki ba. Cewa na yi kundin bai haɗu ba. Kana cikin fiyano, sai a jefa ka cikin ƙarar na'ura ta "Pulk/Pull Revolving Doors", daga nan a dawo da kai jita. Kamar ɗakin da aka zuba kayan gado.

Zainab: Ni wannan rashin haɗuwar ce nake so. Ko sunan ma ai mai mantuwa yake nufi. Kana buɗe ƙofa ka tarar da abin da ba ka zata ba. Bangon faifan ma da Stanley Donwood ya yi jan littafi ne da wani dodo yana kuka, kuma bugu na musamman an yi shi kamar littafin laburare da aka manta, har ya ci kyautar Grammy ta tsarin bango.

Nura: Tunda Yaya ya ambaci "Pulk/Pull", bari in faɗi asalinta. Suna ƙoƙarin ɗaukar wata waƙar soyayya ne, "True Love Waits", wadda Yorke ke rerawa a wasa tun 1995. Ta ƙi. Sai suka ɗebi guntayen sautin suka gina wani abu dabam. Ita waƙar soyayyar ba ta shiga kundin sutudiyo ba sai 2016. Haka ma "Like Spinning Plates". Wata waƙa ce, "I Will", da ba ta gamsar da su ba, suka juya ta baya, Yorke ya ji wani sabon amo a ciki. Ya koyi furta kalmominsa a juye, aka ɗauka, aka sake juyawa, sai muryar ta fito ana gane ta amma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na taɓa gwada wannan da wani yaro mai waƙa, layi ɗaya ya ci mana yini.

Bashir: Ka ga kuwa ka ƙarfafa ni. Ragowar ragowa ke nan.

Nura: Yaya, ai a sutudiyo babu abin da ake zubarwa. Ita "I Will" ɗin ta fito da kanta a 2003.

Zainab: Sannan akwai guda ɗaya da ba ta cikin wancan zaman kwata-kwata.

Bashir: "Life in a Glasshouse". A nan kam na sallama. Sun kasa gama ta, Jonny ya rubuta wa Humphrey Lyttelton wasiƙa yana neman taimako. Dattijo ne mai busa begila a kiɗan jaz, haifaffen 1921, ya kusa tamanin a lokacin. Ya zo da mutanensa bayan Kid A ya riga ya fito, suka busa ta irin yadda ake rakiyar gawa a New Orleans. Samari da suka fi kowa suna a duniyar rok su ce wa dattijo mun rasa hanya, zo ka nuna mana, wannan ya burge ni fiye da waƙar kanta.

Zainab: To ka ga ƙungiyar da ke son share kwando ba za ta ɗauki wannan ɗawainiyar ba.

Bashir: Na ji. Amma ki yarda da ni a abu ɗaya: akwai ciniki a ciki. Kid A ba a fitar masa da waƙa ko ɗaya ita kaɗai ba, Amnesiac ya zo da "Pyramid Song" da "Knives Out" da bidiyonsu. Ya hau na ɗaya a Birtaniya, na biyu a Amurka. Kamfani ya ci riba sau biyu a aiki ɗaya. Ƙungiyar rok ta Metallica ma haka suka yi da kundinsu Load a 1996 da Reload a 1997.

Zainab: Cinikin ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne, da Amnesiac ne ya fara fitowa, da yau Kid A muke kira ragowa. Hasan da Husaini ne, wanda ya riga faɗowa shi ya karɓi girman.

Nura: Har Gambo ma an samu. A Nuwamban 2021 suka haɗa su biyun a fitarwa guda mai suna Kid A Mnesia, suka ƙara faifai na uku na abin da ba a taɓa saki ba, ciki har da "If You Say the Word" da "Follow Me Around", wadda masoya suka daɗe suna roƙo. Akwai ma sigar "Pulk/Pull" da muryar "True Love Waits" a kanta, ka ji yadda suka so ta kasance tun farko.

Bashir: To wannan na ukun shi ne kanzo na gaskiya, kuma na saurare shi da daɗi, don ba a ɓoye mini ko mene ne ba. Da na jera shi da Amnesiac kuwa na ji tazarar da ke tsakaninsu, ba zan ƙi faɗa ba. Amma "Hunting Bears" tana nan inda na ajiye ta.

Zainab: Mun bar maka ita, Yaya. Nura, wanda bai taɓa jin ko ɗaya ba, ta ina zai fara?

Nura: Ya fara da Amnesiac, da abin sa wa a kunne, da dare, kada ya tsallake ko ɗaya. Ya bar Kid A sai bayan kwana biyu. Ina so in ji abin da wanda ya bi ta wannan hanyar zai ce, don mu ukun nan duk ta ɗaya hanyar muka bi.

Zainab: To masu sauraro, wanda ya gwada ya aiko mana da saƙon murya, za mu sa a shiri na gaba. Yaya Bashir, Nura, na gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.