An Ce Karayar Tattalin Arzikin Amurka Ta Ƙare a 2009, To Me Ya Sa Aka Ci Gaba da Ƙwace Gidaje?

[Hoto: ma'aikata na fitowa daga ginin Lehman Brothers da kwalaye a hannu]

Ku dubi mutanen nan da kwalaye. Birnin New York ke nan, ranar 15 ga Satumba 2008. Bankin da suke yi wa aiki, Lehman Brothers, mai shekara 158 da kafuwa, ya wayi gari a karye. Abin da ke cikin kwalin nan kayan tebur ne kawai, hoton iyali, kofin shayi, 'yan takardu.

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonninku, kuma tambaya ce mai kyau. Kun ce littattafai sun rubuta cewa karayar tattalin arzikin Amurka ta ƙare a watan Yunin 2009. To yaya aka yi rashin aikin yi ya ƙaru bayan nan? Yaya aka yi shekarar 2010 ce ta fi kowace yawan gidajen da banki ya ƙwace? Wasunku sun ce ai ƙarya gwamnati ta yi. Ba ƙarya ba ce. Kalmar "ta ƙare" ce ke da wata ma'ana daban a bakin masana, kuma a kanta za mu tsaya yau. Sauran labarin da gudu za mu wuce shi.

[Hoto: sababbin unguwanni a Las Vegas da Phoenix, daga sama]

A taƙaice. Shekara da shekaru kuɗin gida na tashi a Amurka. Bankuna suka riƙa ba mutane bashin sayen gida, har waɗanda kowa ya san da wuya su iya biya, da kuɗin ruwa mai sauƙi a shekarun farko, daga baya ya haura. Su bankunan ba su riƙe bashin a hannunsu ba. Tara shi suka yi dami-dami suka sayar wa masu zuba jari a duniya. Muddin gida na ƙara tsada, kowa na cin riba. Daga 2006 farashi ya juya ƙasa, biya ya gagara, damman nan suka zama ƙaiƙayi. Bankin Bear Stearns ya durƙushe a Maris 2008, Lehman ya bi a Satumba, washegari Babban Bankin Amurka ya tallafi kamfanin inshora na AIG da dala biliyan 85 don kada ya faɗi ya danne kowa.

[Hoto: zauren Majalisar Wakilai, allon ƙuri'a]

Sakataren baitulmali Henry Paulson ya je majalisa neman dala biliyan 700 don ceto bankuna. Ranar 29 ga Satumba Majalisar Wakilai ta ce a'a, ma'aunin kasuwar hannayen jari na Dow Jones ya zube da maki 777 a wuni guda. Bayan kwana huɗu suka ce to, Shugaba Bush ya sa hannu. A Nuwamba aka zaɓi Barack Obama. A Fabrairun 2009 ya sa hannu a kan shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787. A watannin nan Amurka na asarar ayyuka tsakanin 700,000 da 800,000 kowane wata.

Yanzu mu rage gudu.

[Hoto: zanen rijiya, mutum na faɗawa]

Ku ɗauka mutum ne ya faɗa rijiya. Daga lokacin da ƙafarsa ta zame a baki har zuwa lokacin da ya dira a ƙasa, wannan tsakanin shi ne abin da masana ke kira karayar tattalin arziki. Faɗuwar ce suke aunawa. Ranar da ya dira, a lissafinsu karayar ta ƙare, domin ya daina yin ƙasa. Amma ina mutumin yake? Yana can ƙasan rijiya, a wuri mafi zurfi da mafi duhu a duk tafiyar. Ko guga ba a zura masa ba tukuna.

Wannan shi ne watan Yunin 2009. Wata ne da tattalin arzikin ya taɓa ƙasa. Don haka idan ka ji an ce karaya ta ƙare a wata kaza, fassararsa ita ce a watan nan abin ya kai maƙura wajen lalacewa, daga nan aka fara rarrafe sama. Ba a ce an fito ba.

[Hoto: jadawali, layi na gangarowa daga Disamba 2007 zuwa Yuni 2009]

Kuma ba shugaban ƙasa ke yanke wannan hukunci ba. Wani ƙaramin kwamitin masana ne a wata cibiyar bincike mai zaman kanta da ake kira NBER, a Cambridge ta jihar Massachusetts. Suna duba abin da ƙasa ke samarwa, da kuɗin shigar jama'a, da ciniki, da aikin masana'antu, da yawan masu aiki. Ba sa gaggawa. Sai a Disamban 2008 suka sanar cewa karayar ta fara tun Disamban 2007, wato shekara guda bayan ta fara. Sai a Satumban 2010 suka ce ta ƙare tun Yunin 2009. Wata 18 ke nan, mafi tsawo tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin sanarwar ma sun faɗa da bakinsu cewa ba suna nufin al'amura sun koma daidai ba. Amma wa ke karanta sakin layi na biyu? Kanun labari aka ɗauka, kuma a ranar da kanun ya fito, rashin aikin yi na sama da kashi 9 cikin 100.

Mu a Najeriya mun san ɗanɗanon wannan. A Satumban 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mun fita daga karayar tattalin arziki, magidanci ya je kasuwa ya tarar da kwanon shinkafa bai ji labari ba. Abu ɗaya ne.

[Hoto: layin masu neman aiki, riƙe da takardu, cikin sanyi]

To me ya sa aiki ke makara? Ku shiga zuciyar mai masana'anta a jihar Ohio ko Michigan. Bara ya sallami mutum ɗari, ya sha wuya kafin ya tsira da kamfanin. Bana oda ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Zai ɗauki sababbin ma'aikata? Ina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da farko zai ƙara wa waɗanda suka rage awoyi. In oda ta ci gaba, ya ɗauki na wucin gadi. Sai ya ga wata shida, shekara guda, kasuwa ba ta juya ba, sannan ya buɗe ƙofa. A duk tsawon wannan jira kamfaninsa na samar da kaya fiye da bara, lissafin ƙasa na nuna ci gaba, amma mutum ɗarin nan na gida.

Shi ya sa alƙaluman suka zo haka. Disamban 2007, rashin aikin yi kashi 5. Yunin 2009, watan da aka ce ta ƙare, kashi 9.5. Oktoban 2009, kashi 10. A tsakanin baƙaƙen fata ya haura kashi 16 a 2010. Jimillar ayyukan da suka salwanta kusan miliyan 8.7, kuma zubewar ba ta tsaya ba sai farkon 2010.

Akwai abin da ya kamata mu riƙe game da Amurka a nan: yawancin ma'aikata ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Ranar da aka sallame ka, ba albashi kaɗai ya tafi ba, har da katin asibitin 'ya'yanka. Ni wannan ne ya fi taɓa min zuciya a duk labarin. Uba na da ciwon sukari, ɗa na da asma, kuma takardar sallama ɗaya ta shafe su duka.

[Hoto: takardar kotu manne a ƙofa; kujeru da katifa a bakin titi]

Gida kuwa ya fi aiki makara, domin ƙwace gida ba a wuni ɗaya ake yinsa ba. Ku bi sawun iyali guda. An sallami maigida a farkon 2009. Yana karɓar tallafin marasa aiki, wanda a lokacin aka tsawaita har mako 99 a jihohin da abin ya fi tsanani. Yana biyan bashin gida da shi, da ɗan abin da ya tara. Ajiya ta ƙare, a sayar da mota ta biyu. A ci bashi da katin banki. Sai wata ya zo da ba a biya ba, sai na biyu, sai na uku. Banki ya aiko takarda. A wasu jihohin sai an je kotu, a yi watanni. Ranar da jami'i ya zo ya sauya makulli, ana cikin 2010 ko 2011. A shekarar 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje sama da miliyan ɗaya.

Za ku ce me ya hana shi sayar da gidan ya biya bashin? Farashi ya faɗi da kusan kashi 30 a faɗin ƙasar, a Las Vegas fiye da rabi. Mutum ana binsa dala 300,000 a kan gidan da yanzu ba zai yi 200,000 ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu bashin gida sun shiga wannan hali. Wasu sai su kwashe kaya da dare, su sa makullin a ambulan su aika wa banki ta gidan waya.

[Hoto: wurin wanka a bayan wani gida da aka bari, ruwan ya yi kore]

Wannan ruwan da kuke gani ya yi kore, na bayan wani gida ne da aka bari. A Arizona da Nevada da Florida sun yi yawa har hukumomi suka shiga yaƙi da sauron da ke ƙyanƙyashewa a ciki.

[Hoto: tantuna a gefen kogi, Sacramento, 2009]

Nan kuma tantunan marasa matsuguni ne a Sacramento, babban birnin California.

Sai bugu na ƙarshe, wanda ba a cika faɗa ba. Kusan duk jihohin Amurka doka ta tilasta musu daidaita kasafin kuɗinsu. Haraji ya ragu, dole a rage kashewa. Don haka a 2010 da 2011, lokacin da kamfanoni suka fara ɗaukar ma'aikata, jihohi da ƙananan hukumomi na sallamar malaman makaranta da 'yan kwana-kwana. Masu karɓar tallafin abinci daga gwamnati sun tashi daga miliyan 26 a 2007 zuwa sama da miliyan 47 a 2013.

[Hoto: masu zanga-zanga da kwalaye, tutoci masu launin rawaya]

Idan kun gane wannan giɓi tsakanin dirar ƙasa da fitowa, kun gane siyasar shekarun nan. Domin ba kowa aka fitar daga rijiyar lokaci guda ba. Kasuwar hannayen jari ta taɓa ƙasa a Maris 2009 ta kama hawa. A wannan watan ne aka ji AIG, kamfanin da aka ceto da kuɗin jama'a, zai raba wa wasu ma'aikatansa garaɓasar dala miliyan 165. Manyan bankuna suka maido da kuɗin ceto, suka koma cin riba. Shirin gwamnati na sassauta wa masu gida bashi, wanda aka ce zai kai ga mutum miliyan 3 zuwa 4, bai kai ko kusa ba.

Fushin ya fita ta ƙofa biyu. Ta dama, masu ra'ayin riƙau da ake kira 'yan Tea Party a 2009, suna cewa gwamnati na ɓarnar kuɗin haraji tana jibga wa jikoki bashi, kuma don me zan biya wa maƙwabcina gidan da ya fi ƙarfinsa. A zaɓen Nuwamban 2010 jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai ta karɓe ta. Ta hagu, a Satumban 2011, matasa suka kafa tantuna a dandalin Zuccotti kusa da Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York, suna kiran kansu kashi 99 cikin 100, wato duk wanda ba ya cikin 'yan tsirarun attajirai. Ba sa ga maciji da juna, amma ku saurare su da kyau, dukansu na tambayar wa aka ceta, wa aka bari.

A ganina ceto bankunan ya zama dole, domin da sun zube gaba ɗaya, talaka ne zai fi jin jiki. Inda aka yi kuskure shi ne gudun da aka yi wa banki ba a yi wa magidanci rabinsa ba. An samo biliyan 700 cikin mako biyu, shi kuma mai gida aka bar shi yana aika takardu ana ce masa sun ɓata.

[Hoto: jadawalin yawan masu aiki, layi na hawa a hankali]

Ku bi layin nan da ido. Ga Yunin 2009, inda aka ce ta ƙare. Ku ga yadda ya ci gaba da gangarowa. Ga 2010, ya fara juyawa. 2011. 2012. 2013, a shekarar ce birnin Detroit ya ayyana fatara. Layin bai koma inda yake kafin karayar ba sai a watan Mayun 2014, kusan shekara biyar bayan ranar da ke cikin littafi. Kuɗin shigar matsakaicin gida kuwa sai wajen 2016 ya kamo na 2007.