Sharhi: Ɗan Majalisar Jiha da Mutanen Karkara

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi ɗan majalisar dokokin jiha, wanda a cikin masu yin doka babu wanda ya kai shi kusanci da mutumin ƙauye.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa kowace majalisar jiha ta ƙunshi wakilai daga 24 zuwa 40, kuma ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Kano na da wakilai 40, Katsina 34, Jigawa 30, Zamfara kuwa 24. A wurare da dama mazaɓar ɗan majalisa ba ta wuce ƙaramar hukuma guda ba, saboda haka ya san hanyar da ruwa ke yankewa duk damina, ya kuma san makarantar da iska ta kwashe wa rufi.

Sai dai ma'aunin da muke auna shi da shi ya karkace. Da sassafe ƙofar gidansa a cike take: wannan ya zo da takardar magani, wancan matarsa ta haihu suna ya matso, ga matasan da aka yi wa alkawarin babura. Idan ya raba kekunan ɗinki da buhunan shinkafa da azumi, sai a ce ya yi aiki. Taimako abin yabo ne, ba mu musa ba, amma ba don shi aka rantsar da shi ba. An zaɓe shi ne don ya yi doka, ya tace kasafin kuɗin da gwamna ya gabatar, sannan ya bi sawun kuɗin har inda aka ce an kashe su. Sashe na 128 na kundin tsarin mulki ya ba majalisa ikon bincikar ma'aikatu, kuma gabanta ake kai rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. Asibitin sha-ka-tafi da aka yi wa fenti aka bar shi ba ungozoma, har ake ɗora mai naƙuda a amalanke da tsakar dare, magana ce da ya kamata a kira kwamishinan lafiya ya amsa a zauren majalisa.

Mu ɗauki rikicin manoma da makiyaya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma a yau an nome burtali da yawa, an yanka labi an raba wa masu hali, abin da ke jawo ɓarna da zubar da jini duk kaka. A 2017 majalisar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake. Ko mutum ya yarda da wannan doka ko bai yarda ba, ta nuna cewa wuƙa da nama suna hannun majalisar jiha. Babu abin da ya hana wakilanmu su kawo dokar da za ta sake shata burtali, ta tanadi mashaya, ta kuma ba hakimai da ardo-ardo hurumin sasanta ɓarna kafin ta kai ga 'yan sanda.

Haka batun kuɗin ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To amma sashe na 7 ya bar tsarinsu da sha'anin kuɗinsu a ƙarƙashin dokar jiha, ma'ana majalisa na iya ƙarfafa wannan 'yanci, tana kuma iya buɗe wata ƙofar da kuɗin za su sulale su koma hannun gwamnatin jiha.

Kada a ce majalisunmu ba su iya sauri ba. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta amince da ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, a Mayun 2024 kuma ta rushe dokar masarautun, gwamna ya sa hannu a ranar. Wannan zafin naman ne manomi ke jiran ya gani a kan takin zamani da hanyar kai amfanin gona kasuwa.

Zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, inda ake yin sa, galibi a babban birnin jiha ake yi, nesa da waɗanda abin ya shafa. A ganinmu ya dace kowane wakili ya kai kwafin kasafin mazaɓarsa, a karanta wa jama'a ayyukan da aka sa musu da Hausa, gaban dagatai da ƙungiyoyin manoma da na mata, sa'annan ya dawo ƙarshen shekara ya faɗi wanda aka yi da wanda ba a yi ba.