Arkawit: Inda Itace Ke Tatsar Ruwa Daga Hazo

Ku dubi gabashin Sudan a taswira. Bahar Maliya tana dama, sai wani siririn fili mai zafi inda Suwakin da Port Sudan suke, daga nan kuma duwatsu suka miƙe kamar ganuwa. A kan wannan ganuwa, sama da mita 1,000, garin Arkawit yake, kudu maso yammacin Suwakin, a ƙasar ƙabilar Hadandawa.

Mu hunturu ƙura yake kawo mana. Su can, daga wajejen Nuwamba, iskar arewa maso gabas takan biyo ta kan teku ta kwaso laima, ta ci karo da gindin dutse, dole ta hau. Duk hawan mita 1,000 zafinta kan ragu da kusan digiri 6, sai laimar ta dunƙule ta zama hazo mai jiƙa tufa. Ba lallai a yi ruwan sama ba. Hazon ne ke bi ta cikin rassa, ɗigo ya taru a ganye, ya gangaro ya sauka a gindin itacen. Ku lura da reshen itacen wurin: gansakuka ce ta yi masa gemu, ƙasar da ke ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf, taku kaɗan gefe kuma tsakuwa ce busasshiya.

A 1956 masanin tsirrai ɗan Masar, Muhammad Kassas, ya bayyana yadda tsirran wurin suka jeru. Bakin da ke fuskantar teku ya fi duhu, har kanya ake samu. Da an matsa ciki sai wani ɗan'uwan kerana ya karɓe wuri, dogo, rassansa a tsaitsaye, yana ajiye ruwa a jikinsa. Gaba kuma sai ombet, itace mai kai kamar laima, ganyensa tamkar takobi. A bayan dutsen iska ta riga ta zubar da laimarta, tana gangarawa tana ƙara zafi, sai itatuwan ƙaya da aduwa a bakin koramun rairayi.

Matsalar a nan take: itacen shi ne matatar hazon. In aka sare shi don gawayi, hazo zai wuce bai bar ɗigo ba, ƙasa ta bushe, ɗan tsiron da ya yi ƙarfin halin fitowa kuma awaki su cinye shi. Ombet ɗin da ya yi suna a Arkawit yawancinsa ya mutu, yanzu yana cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu.