Ɗan ubana, ɗan ajinmu: roƙo ɗaya a kan gwajin ciwon hanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, Malam Liman, iyayenmu mata, 'yan'uwa na nan Mancesta da waɗanda suka taso daga Lidis da Landan, sannunku da zuwa. Gudummawar da kuka tara lokacin jinyar ɗan'uwana ta isa hannu, ta'aziyyarku ma ta iso. Iyayenmu a Funtuwa sun ce in yi muku godiya. Allah Ya bar zumunci.

Yawancinku ba ku san marigayin ba. Ɗan ubana ne, kuma a damina ɗaya iyayenmu mata suka haife mu. Rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, rana ɗaya Baba ya kai mu firamare, kuma aji ɗaya muka zauna har muka gama sakandare. Malamai suna ce mana tagwaye, alhali ko kama ba ma yi. Ana cewa 'yan ubanci ba ya ƙarewa, to ni ban gan shi a tsakaninmu ba, sai dai in ranar karɓar sakamako, don kullum yana gabana a lissafi, kuma ba ya barin in manta. Lissafin ya ƙare yana koyarwa. Ɗalibansa sun cika layinmu ranar jana'iza, wasu da gemunsu.

Ciwon ya fara da kasala da rama. Da idanunsa suka yi rawaya aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Da ciki ya kumbura, wasu suka fara raɗe-raɗin sammu. Sa'ad da aka yi hoton ciki, likita ya ce ciwon dajin hanta ne, kuma ya wuce a yi aiki. Bai ga wata damina ba. Ya bar mata da yara, ƙaramar ba ta shiga makaranta ba tukuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani. Amma likitan ya yi mana wata tambaya da ita ce ta tsayar da ni gabanku yau: an taɓa gwada sauran 'yan gidan? Tushen ciwon ɗan'uwana ƙwayar cutar Hepatitis B ce, wadda mai yiwuwa tun yarinta take jikinsa. Tana iya shafe shekara 30 ko 40 tana cin hanta, mutum na harkokinsa bai ji komai ba. Babba in ya kamu, galibi jikinsa na kore ta. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma tana zama a jikinsu har girma. Ana ɗauka daga uwa wajen haihuwa, da ta jini: aska ɗaya, reza ɗaya, ƙaho, cire beli, allurar da aka maimaita, da kuma saduwar aure. Ban ɗora wa wanzaminmu laifi ba, haka kowa ke yi a lokacin.

Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Ku ƙirga mu a zauren nan. Kuma sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin allurar yara a Najeriya, wato duk wanda na hango da furfura ko sanƙo, layin bai biyo ta kansa ba.

Na je na yi gwajin. Ina da ita. Na faɗa a bainar jama'a da gangan, don na san akwai masu ɓoyewa saboda tsoron kada a daina cin abinci da su, ko a fasa auren 'ya'yansu. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musabaha, ko tsayuwa a sahu. Ƙwaya ɗaya nake sha kullum, sunanta tenofovir, kuma duk wata shida ana duba jinina a yi min hoton hanta. Wasu ma ba sa buƙatar maganin, sa ido kawai ake yi. Maiɗakina da yara an gwada su, ba su da ita, an yi musu rigakafi.

A nan Birtaniya ba mu da wani uzuri. Ka je wurin GP ɗinka, wato likitan unguwa da ka yi rajista da shi, ka ce a Najeriya ko Nijar ko Ghana aka haife ka, kana son gwajin Hepatitis B. Kyauta ne. Iyayenmu mata sun riga mu, don ana gwada kowace mai ciki a nan. Mu maza ne ba ma zuwa asibiti sai an ɗauke mu ranga-ranga.

Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya. Mun iya tara kuɗi in ciwo ya kwantar da mutum, na gani da idona, amma kuɗin kan isa ne bayan aikin gama ya gama. Abin da muka kashe a watannin ƙarshe na ɗan'uwana zai gwada unguwarmu kaf, har da canji. Ina neman a ware wani kaso daga asusun taimako don gwaji da rigakafi a gida. Kowannenmu kuma, in zai aika kuɗin azumi ko na Sallah, ya ɗora na gwaji a kai, ya ce a turo masa hoton sakamako ta WhatsApp, don mun san halin mutanenmu, kuɗin zai iya zama buhun shinkafa. In an yi haihuwa, kafin a tambayi ragon suna a tambaya ko an yi wa jariri allurar rigakafin Hepatitis B cikin awa 24 na farko. A kuma ja kunnen na gida kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubarsu na ƙara wa mai wannan cuta haɗarin dajin hanta.

Takarda na wurin Sakatare, mai son shiga kwamitin ya rubuta sunansa kafin a tashi. Muna da ma'aikatan jinya a cikinmu, ina roƙon su ja gaba.

Malam Liman, a taimaka mana da addu'a ga marigayi da sauran mamatanmu. Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari. Wassalamu alaikum.