Wa Ya Fi Kowa Iya Jita? Mu Zauna Mu Auna

Jama'a, barkanmu da warhaka. In kana son gardamar da ba ta mutuwa a garin Jos, shiga duk inda samari ke gwajin kiɗa, a coci ne, a ɗakin ɗaukar waƙa ne, ko wajen masu kiɗan biki, ka tambaye su wa ya fi kowa iya jita a duniya. Kafin ka samu wurin zama an rabu gida uku. Yau abin da za mu duba ke nan, kuma zan faɗi inda na tsaya ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Mu fara da abin da aka fi kafa hujja da shi. Mujallar Rolling Stone ta Amurka takan fitar da jerin gwanayen jita. A 2003 ta jera mutum 100, a 2023 ta faɗaɗa zuwa 250. Sunaye sun hau sun sauka a tsakani, amma na ɗaya bai motsa ba: Jimi Hendrix.

Me ya sa shi? An haife shi a Seattle a 1942, ya rasu a Landan a watan Satumba na 1970 yana da shekara 27. Daga zuwansa Ingila a 1966, inda sunansa ya fara tashi, zuwa rasuwarsa, shekara huɗu ne kacal. Kafin nan ɗan rakiya ne a bayan mawaƙa irin su Little Richard. Ku nemi hotonsa ku kalla da kyau. Bahago ne, amma jitar da ke hannunsa, Fender Stratocaster, ta masu dama ce. Juya ta ya yi, ya sake ɗaura tsirkiyoyin yadda za su dace da shi. Ku kuma dubi babban yatsansa. Malaman jita sukan ce a ɓoye shi a bayan wuyan jitar. Shi kuwa ya zagayo da shi ta sama yana danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun suna nasu aikin a ƙasa. Shi ya sa in kana saurare sai ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa.

Babban abin da ya yi ma bai tsaya a yatsu ba. Akwai wata ƙara mai huda kunne da lasifika ke yi idan jita ta matso kusa da ita. Duk mai haɗa kayan sauti a wajen taro ya san ta, gudunta ake yi. Hendrix ya kama wannan ƙarar ya hore ta, ya mai da ita kiɗa. A taron Woodstock na 1969, ana tsakiyar yaƙin Vietnam, ya kaɗa taken ƙasar Amurka, a cikinsa ana jin kamar jirage na shawagi, bama-bamai na fashewa, mutane na kururuwa, duk daga tsirkiya shida. Bayan shi, duk wanda ya rataya jitar lantarki ya san kayan da ke wuyansa ya wuce yadda aka ɗauke shi a da. Wannan matsayi nasa ne, ban da ja.

Inda nake rabuwa da samarinmu shi ne batun gudu. Yaro ya ga Eddie Van Halen yana tafiya da yatsun hannu biyu a wuyan jita kamar walƙiya, sai ya ɗauka gwaninta ke nan gaba ɗayanta. Van Halen gwani ne, babu shakka. To amma ku saurari B.B. King. Ɗan gonar auduga ne daga jihar Mississippi, an haife shi a 1925, ya rasu a 2015. Mutumin nan zai danna wuri ɗaya, ya tura tsirkiyar sama da yatsa har sautin ya miƙe, sannan ya girgiza wuyan hannunsa sautin ya riƙa rawa. Sai ya yi shiru. Sai ya rera baiti, jitar ta amsa masa. Ba ya haɗa waƙa da kiɗa lokaci guda, bi da bi suke yi da jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille. A shekarar 1956 kaɗai ya hau dandamali sau 342. Ko daga ɗaki na uku ka jiyo sauti ɗaya nasa, ka san shi ne.

Django Reinhardt kuwa, wanda aka haifa a Beljiyam ya yi rayuwarsa a Faransa, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka daina aiki. Da biyun da suka rage ya kafa salon da har yau masu yatsu cikakku ke gumi a kansa. Ga kuma Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci da ta riƙe jitar lantarki tun kafin a san su Chuck Berry, wadda aka daɗe ana tsallake sunanta, sai a jerin 2023 aka sa ta ta shida. Na ji daɗin wannan gyara ƙwarai.

Mu mutanen Jos bai kamata wannan magana ta yi mana wuyar ganewa ba, domin mun yi zamani da Alhaji Ɗan Maraya. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Kuntigi ba jita ba ne, na sani, tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata. Amma da wannan tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga ƙasashen duniya. Wa ya taɓa jin kuntiginsa ya ce na wani ne? Haka gurmin Haruna Uji. Kunnen da ya tashi da waɗannan ya riga ya san ma'aunin: hannun mutum ya yi magana da muryar da ba ta kowa ba, kuma masu zuwa bayansa su kasa wucewa ba tare da sun bi ta kansa ba. Da wannan ma'aunin nake so mu tsallako gida Afirka, inda jerin Amurkawa ke yin ƙaranci. Masu zaɓen sun fi sanin abin da suka tashi suna ji a rediyonsu, kuma kowa haka yake.

Ali Farka Touré manomi ne daga Niafunké, a bakin kogin Neja cikin ƙasar Mali. An haife shi a 1939. Kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara koya, irin dangin gogenmu da gurminmu, kafin ya taɓa jita. Da ya ɗauke ta, sai ya ɗora mata abin da hannunsa ya riga ya saba: babban yatsa na riƙe da sauti ɗaya mai kauri yana maimaitawa, ɗan ali na zagaye shi da ƙananan ado. Turawa da suka ji sai suka ce ai wannan blues ne, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka irin na su B.B. King. Shi kuma ya riƙa nuna musu cewa daga nan yankin kiɗan ya tsallaka teku tun farko. Ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, da faifan da suka yi da makaɗin jita Ba'amurke Ry Cooder a 1994, ya sake ci da wanda suka yi da makaɗin kora Toumani Diabaté a 2005. Aka zaɓe shi magajin garin Niafunké a 2004, ya zuba kuɗin aljihunsa a gyaran hanyoyi da samar wa garin wuta, ya rasu a 2006. Rolling Stone ta sa shi na 76 a jerinta na farko. Ni dai a kunnena wannan lamba ta yi nisa da yawa.

A Najeriya ma ba mu rasa ba. Sir Victor Uwaifo na Benin, mai jita mai wuya biyu, wanda waƙarsa ta 1965 ta samu faifan zinare. King Sunny Adé, wanda ke jera jita da yawa a ƙungiya ɗaya kowace da nata zaren, shi ne ɗan Najeriya na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy. Oliver De Coque a ƙasar Ibo. Iyayenmu kuma ba za su manta muryar Bongos Ikwue da jitarsa mai sanyi ba, a farkon wasan talabijin ɗin nan na manoma, Cock Crow at Dawn, da NTA ta ɗauka a nan Filato.

Amma wanda nake so ku ba ni lokaci a kansa shi ne Franco Luambo Makiadi na Kongo. An haife shi a 1938. Yana yaro ya haɗa jitarsa da kansa. A 1956 aka kafa ƙungiyar OK Jazz a birnin da yanzu ake kira Kinshasa, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1989, shekara 33 ke nan. Mutanensa suna kiransa bokan jita. Da babban yatsa da ɗan ali yake finciko tsirkiya biyu lokaci guda, sautin ya fito da kauri da ƙarfe-ƙarfe. Waƙar Kongo takan fara a hankali, mawaƙa na ba da labari. Can tsakiya sai ganga ta canja taku, mawaƙa su ja baya, jita uku su shigo: ta gaba, ta tsakiya, da mai riƙe taku, kowace na maimaita ɗan gajeren zagayenta, suna shiga cikin juna kamar saƙar tabarma. Wannan sashen shi ake kira sebene. Franco zai riƙe zagaye ɗaya minti biyar, yana ɗan karkata shi kaɗan-kaɗan, kuma babu mai son ya tsaya.

Yanzu ku tuna abin da ke faruwa a cocin Jos ran Lahadi idan yabo ya yi zafi, ko a wajen biki idan aka ce a ba su makosa. Mai jita ya gangara can ƙasan wuya inda sauti ke da siriri, ya kama ɗan zagaye yana juyawa, jama'a su miƙe. Sunan makosa daga Kamaru yake, amma wannan hannun na Kongo ne, hanyar da su Franco da Docteur Nico suka share. Yaron da ke kaɗa shi a Tudun Wada ko Bukuru wataƙila bai taɓa ganin hoton Franco ba, amma karatunsa yake biyawa. Daga Nairobi zuwa Abidjan haka abin yake. A 2021 UNESCO ta sa wannan salon kiɗa, da ake kira rumbar Kongo, cikin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Sai maƙwabtanmu Buzaye. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya fara, ƙungiyarsa ta ci Grammy a 2012. Bombino na Agadas ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar. Mdou Moctar, shi ma bahago kamar Hendrix, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai neman kiɗan Sahara. Yau yana cika manyan dandamali a Turai da Amurka. Cikin masu rai, shi nake sa wa ido.

To, ga nawa jerin, kuma gajere ne. Hendrix na farko, domin ya canja abin da jitar lantarki ke iya faɗa. Franco na biyu. Ali Farka Touré da B.B. King suna biye, kuma ba zan iya raba su ba. Na san masoya Jimmy Page da Eric Clapton da Carlos Santana za su ce na yi son kai, masu kiɗan Sifen kuma za su tambaye ni ina na bar Paco de Lucía. Suna da hujja, musamman a kan Paco. Amma Franco ba zai sauka daga na biyu a wurina ba. Page da Clapton sun gina a kan blues ɗin da suka tarar, sun kuma gina da kyau. Franco ya ɗauki kiɗan Kuba da ya shigo Kongo a faifai, ya narka shi da kiɗan ƙauyukansu, ya fitar da salon da rabin nahiya ke rawa da shi fiye da shekara 60.