Yadda Bushewa Ke Sauya Fuskar Fenti

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan fentin ruwa da masu fenti ke kira emolshan, a kimiyyance sunansa fentin latek. Ya shiga kasuwa a Amurka a 1948. Manyan abubuwa uku ne a bokitin: ruwa, garin launi irin su farin sinadarin titaniyam dayoksaid da alli da farar ƙasa, sai ƙwayoyin roba ƙanana da ido ba ya gani, wato latek ɗin. Su ne danƙon da ke riƙe komai.

To, da an shafa, ruwa zai fara tashi. Ƙwayoyin robar su matso juna, su lotse, su narke cikin juna har su zama fata guda. Wannan aiki yana son lokaci.

Kun san yanar da kunu ke yi idan an bar shi a buɗe? Sama ta kame, ƙasa ruwa tsundum. Haka fenti ke yi idan zafi ko busasshiyar iska ta matsa masa. Ruwan da aka kulle a ciki sai ya nemi hanyar fita, ya bar ƙuraje da ƙananan ramuka, wani lokaci ya tsattsage. Yana fita kuma yana janyo sabulun da aka zuba wa fentin zuwa sama, shi ya sa za ka ga bango dabbare-dabbare, nan sheƙi, can dishi-dishi.

Masana'antun takarda sun fi kowa sanin wannan. Takardar mujalla mai santsi, alli da latek aka shafa mata, sannan a busar da fitilu masu fitar da zafi da ake kira infrared da iska mai zafi. In aka tsananta zafin, danƙon zai bar inda ya kamata ya zauna, tawada ta kama wani wuri ta ƙi wani.

Sanyi ma da nasa. Kowane latek yana da ma'aunin zafin da in aka gaza shi, ƙwayoyin ba za su haɗe ba. Fentin ya bushe, amma ka shafa hannu ka kwaso gari.

Wani ya tambaye ni ɗazu yadda za a yi fenti a lokacin hunturu. Malam, ni dai ban yarda a yi fenti da tsakar rana a kan filastar da ta sha zafi ba. Filasta na tsotsar ruwa ta ciki, iska na kwasa ta waje. Ka fara da bangon da ke inuwa, ka sa shafin farko, kada ka cika rola, kuma ka jira awannin da aka rubuta a jikin bokiti kafin ka maimaita.